Sa'ar Sabon Shiga

Duk wasan da ya daɗe a hannun mutane yana da ƙorafin da ya tsufa tare da shi, kuma mafi tsufa a cikinsu shi ne wai sabon shiga ya ɓata wasa. Masu dara a gindin bishiya suna faɗa, masu ƙwallon unguwa suna faɗa, har 'yan langa ba a bar su a baya ba. Ma'anar maganar a ko'ina ɗaya ce: ga wanda bai san komai ba ya zo ya ci, ga gwani ya tashi hannu rabbana, saboda haka lallai akwai abin da ya karkace. Inda na fi jin wannan ƙorafi da ɗaci shi ne a teburin karta na wata ƙaramar mashaya a birnin Sheffield na ƙasar Ingila, inda na yi shekara biyu ina kallon wasan da ake kira foka. Abin da na gani a can ya tabbatar mini cewa masu ƙorafin suna da gaskiya game da zafin da suke ji, amma sun ɗora laifin a kan wanda ba shi da shi.

Karatun digiri na farko a fannin lissafi da ƙididdiga ne ya kai ni Ingila. Takardar izinin ɗalibi ta yarda mutum ya yi aikin da bai wuce awa 20 a mako ba muddin makaranta na ci, ni kuwa aikin da ya samu shi ne wankin kwanuka a kicin ɗin wannan mashaya. Na taso a gidan da kwalin karta ba ya kwana, domin a wurin mahaifina karta da caca Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma har na bar ƙasar ban taɓa jan kujera na zauna a teburin ba. Dokar caca ta Birtaniya ta shekarar 2005 ta yarda a buga foka a mashaya da sharaɗin kada zubin mutum ɗaya ya wuce fam 5 a wasa guda, kada kuma kyautar ta wuce fam 100. A tamu mashayar ko sisi ba a zubawa. Kowa ya zo daren Talata za a ba shi tarin kwabban roba kyauta, wanda ya ci ya sami maki da takardar cin abinci. Da maigidan ya ji abin da nake karantawa, sai ya miƙo mini wani littafi mai baƙin bango ya ce, "Ɗan samari, tunda lissafi ne sana'arka, riƙe wannan ka raba ni da rigimar mutanen nan." Haka na zama marubucin maki, ina tsaye da tawul a kafaɗa da alƙalami a hannu.

Ga wanda bai san wasan ba, bayaninsa gajere ne. Nau'in da ake bugawa a yawancin mashayu shi ne Texas Hold'em. Kwali ɗaya na da kati 52. Ana raba wa kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur daki-daki: uku a tare, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Kowa zai haɗa nasa biyun da na tsakiya ya fitar da biyar mafi ƙarfi. Kafin buɗewa da bayan kowace buɗewa ana zubi, kuma idan wani ya zuba, zaɓi uku ne a gaban na kusa da shi: ya amsa da daidai abin da aka zuba, ya ƙara a kai, ko ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. Hanyar cin tarin da ke tsakiya biyu ce. Ko dai katinka ya fi na kowa idan an buɗe, ko kuma ka sa kowa ya ajiye tun kafin a buɗe. A hanya ta biyu ne duk daɗin wasan yake, domin a nan mai riƙe da banza zai iya korar mai riƙe da abin kirki da burga kawai.

Watanni na farko na ɗauka kati nake kallo. Sannu a hankali na fahimci hira nake saurara, hirar da ake yi da kwabbai. Idan tsohon ɗan wasa ya ƙara zubi tun kafin a buɗe komai, cewa yake yi, "Ina da ƙarfi." Idan wani ya ƙara a kan ƙarinsa, amsa ce: "Na ji, amma na fi ka." Idan ya yi shiru a kati na huɗu sannan ya turo tuli a na biyar, labari yake bayarwa, saura ga mai sauraro ya gaskata ko ya ƙaryata. Mutum bakwai ko takwas da suka shekara suna zama tare sun san karin maganar juna kamar 'yan kasuwar da suka saba ciniki. Masanin lissafi John von Neumann, a littafin da ya wallafa tare da Oskar Morgenstern a 1944, wanda ya kafa harsashin lissafin wasanni, ya nuna cewa burga a foka wajibi ce ga mai son buga wasa daidai. Dalili biyu ne: tana sa ka ci da kati marar ƙarfi, tana kuma sa abokan wasa su yi shakka, har su amsa maka ranar da kake riƙe da na gaske. Sai dai duk wannan lissafi ya dogara ne a kan abu guda, wato a ce wanda ke gabanka yana jin yaren.

Sabon shiga ba ya jin yaren. Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ka ƙara zubi don ka tsorata shi, shi kuwa bai san tsoro ake nufi ba, ya ɗauka farashin kallo ne ya tashi, sai ya biya. Bai fito daga gida a daren sanyi don ya riƙa ajiye kati ba. Ya zo ne ya ga abin da za a buɗe, don haka yakan shiga kusan kowane zagaye, da kati mai kyau da marar kyau. Fuskarsa ma ba ta karantuwa, domin wanda bai san ƙarfin abin da ke hannunsa ba ba shi da abin ɓoyewa. Na ga wani saurayi ya buɗe katinsa yana ba da haƙuri, yana zaton ya faɗi, alhali kati biyar masu tambari iri ɗaya ne a hannunsa, ya kuma kwashe tarin gaba ɗaya. Gwanin da ya shafe minti biyu yana nazarin idanunsa ya karanta gaskiya tsantsa: yaron ya yi imani ba shi da komai.

Daga nan ƙorafin yake tasowa, kuma lissafi ya ba shi ƙafar tsayawa. Farkon da ya fi kowane ƙarfi a wasan shi ne As biyu, wanda mutum ke samu kimanin sau ɗaya a cikin rabo 221. Idan mai As biyu ya kara da mutum ɗaya da ke riƙe da duk abin da rabo ya ba shi, aka buɗe kati biyar har ƙarshe, zai ci kusan kashi 85 cikin ɗari. Idan mutum biyu ne, rabonsa ya sauka zuwa kimanin kashi 73. Idan uku ne, kashi 64. Idan mutum biyar suka biyo shi, ya faɗo ƙasa da rabi, wajen kashi 49. A teburin gwanaye, ƙarin zubi ɗaya yakan kori kowa sai mutum ɗaya. A teburin da sababbi huɗu ke zaune, babu mai gudu. Saboda haka gwanin da ya jira awa biyu kafin ya ga As biyu zai iya rasa su a rabin lokutan da ya same su, kuma a hannun wanda ko sunan abin da ya ci da shi bai sani ba. Duk mai jini a jika zai ji zafin wannan.

Amma lissafin bai ƙare a nan ba, mai ƙorafi ne ke tsayawa a rabinsa. A ce kowa ya zuba kwabbai 100. Da abokin karawa ɗaya, tarin 200 ne, kashi 85 na wannan kuwa 170 ne, wato ribar 70 a matsakaici. Da abokan karawa biyar, tarin 600 ne, kashi 49 nasa 294 ne, wato ribar 194. Cin gwani ya ragu a yawa, amma ya ƙaru a girma, har ribarsa ta kusa ninkawa uku. Sababbin da yake tsinewa su ne suke cika masa aljihu. Abin da suka ƙwace masa shi ne kwanciyar hankali. Kafin zuwansu yana ci kaɗan-kaɗan a kai a kai, bayan zuwansu yana faɗuwa sau da yawa ya ci babba jefi-jefi. Masu ƙididdiga suna da suna ga wannan hawa da sauka, amma kowane manomi ya san shi: gonar fadama da ke ba da buhu talatin bana ta cinye iri baɗi, da gonar tudu da ba ta wuce goma ba kuma ba ta gaza takwas ba.

Akwai kuma abin da mashayar kanta ke yi wa wasan, wanda ba ruwan sabon shiga a ciki. Ana farawa da ƙarfe takwas, kuma dole a tashi kafin a rufe ƙofa da sha ɗaya. Don a gama a kan lokaci, akwai zubin dole da mutum biyu ke yi a kowane zagaye, kuma ana ɗaga shi duk bayan minti goma sha biyar ko ashirin. 'Yan wasa ne ke raba katin da kansu, ga hira, ga mai tashi sayen abin sha, ga mai fita shan taba. A ƙirgata, da ƙyar ake buga zagaye sittin ko saba'in a dare ɗaya. Zuwa ƙarfe goma, zubin dolen ya yi girman da yawancin mutane ba su da abin yi sai su tura duk abin da ke gabansu su jira hukuncin kati. A irin wannan gajeren zama, ko gwanaye zalla aka tara, sa'a ce sarauniya. Agogo ne ya naɗa ta, amma sabon shiga ake zagi, domin agogo ba shi da fuskar da za a harara.

A cikin 'yan kullum akwai wani dattijo, tsohon direban bas, wanda matarsa ta rasu shekaru kaɗan kafin zuwana. Shi ke fara zuwa, shi ke shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur, kuma kowa ya yarda ya iya wasa. Wani dare a cikin hunturu, wata budurwa mai aikin kula da tsofaffi ta biyo ƙawarta ta zauna a karo na farko. Ta riƙa tambaya ko wane kati ya fi wane, ana nuna mata. Can wajen ƙarfe tara da rabi dattijon ya sami As biyu, ya ƙara zubi, ta amsa. Ya sake ƙarawa bayan an buɗe uku, ta amsa. Ya tura duka, ta dubi ƙawarta ta yi dariya ta tura nata. Tara da huɗu ne a hannunta masu tambari ɗaya, katin da duk wanda ya yi wata guda yana wasa zai jefar ba tare da ya sake kallo ba. Na biyar da aka buɗe ya cika mata tambarin.

Dattijon bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya tura mata kwabban a hankali ya ce, "Yarinya, abin da kika yi ba wasa ba ne. Mu nan shekara muka yi muna koyo. In caca kike so, ga na'ura can a bakin ƙofa." Tebur ya yi tsit. Dariyar da ke fuskarta ta bushe. Ta ƙarasa daren ba ta sake cewa uffan ba, ta zo ta uku, na rubuta sunanta da makinta a littafi. Wannan layi ɗaya ne kawai nata a cikinsa, domin ba ta sake dawowa ba, ƙawarta ma bayan mako biyu ta daina.

Na daɗe ina duba wannan layi, domin littafin yana ba da labarin da ya saɓa wa na dattijon. Idan ka buɗe shafin dare ɗaya, ba za ka iya gane gwani ba. Wanda ya zo na ɗaya yau yana iya zama wanda ya fara fita mako mai zuwa, kuma sau da yawa sunan da ke sama baƙo ne. Amma idan ka tara makin wata uku, sai hazo ya fara washewa. Idan ka tara na shekara, sunaye biyar ko shida ne ke musayar kujerun sama, kuma dattijon na cikinsu kullum. Wannan ita ce ƙa'idar manyan lambobi, wadda aka buga hujjarta a littafin Jacob Bernoulli a 1713: gwargwadon yawan maimaita abu, gwargwadon yadda matsakaicin sakamakonsa ke matsowa kusa da ainihin rabonsa. Kakanninmu sun taƙaita ta da cewa yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. A 2011 masana tattalin arziki biyu, Steven Levitt da Thomas Miles, sun bi sakamakon babbar gasar foka ta duniya da aka yi a Las Vegas a 2010. Waɗanda aka riga aka sani da ƙwarewa tun kafin gasar sun sami ribar sama da kashi 30 cikin ɗari a kan abin da suka zuba, sauran kuwa sun yi asarar kimanin kashi 15. Dare ɗaya na sa'a ne, shekara ta gwani ce.

To me ya sa dattijon, wanda littafi ke yi wa adalci kowane zango, yake ganin an zalunce shi? Saboda zuciya ba ta riƙe littafi kamar yadda takarda ke riƙewa. Darare goma da sababbi suka amsa masa da banza ya kwashe kwabbansu, a wurinsa abin da ya kamata ne ya faru, don haka babu abin tunawa. Dare ɗaya da tara da huɗu suka kayar da shi ya zama labarin da zai ba kowa har bazara. Gwani yakan rubuta cinsa a shafin iyawa, ya rubuta faɗuwarsa a shafin sa'ar wani. Sabon shiga ma yana da irin tasa makantar: ya ci, don haka a ganinsa ya buga daidai. Dukansu biyu suna auna kyawun shawara da abin da ta haifar a karo ɗaya. Alhali tura duka da As biyu daidai ne ko an faɗi, amsawa da tara da huɗu kuskure ne ko an ci.

Ita kanta sa'ar sabon shiga da ake ta faɗa, littafin ya nuna mini inda aka haife ta. Kati ba ya sanin wanda ya zo yau. Amma cikin baƙi goma da suka zauna a karo na farko, waɗanda aka kora tun ƙarfe tara yawanci ba sa dawowa, wanda ya kai teburin ƙarshe kuwa yakan dawo. Bayan shekara, in ka tambayi 'yan kullum yadda darensu na farko ya kasance, da yawa za su ce sun taki sa'a. Gaskiya suke faɗa, sai dai waɗanda ba su taka ba suna gida, babu mai tambayarsu. A teburin kwabban roba wannan ruɗi ba ya cin kowa. A inda ake zuba kuɗin gaske kuwa shi ne bakin tarko, kuma na gan shi a shagunan cacar ƙwallo bayan na dawo gida: cin farko da ke sa saurayi ya ɗauka yana da wata baiwa, ya shekara yana biyan kuɗin wannan zato.

Ko hukuma ma ta sha wahalar raba sa'a da gwaninta a wannan wasa. A 2007 wata kotu a Landan ta sami mai wani kulob da laifin shirya foka ba tare da lasisin caca ba. Hujjarsa ita ce wasan na gwaninta ne, amma dokar da aka yi masa shari'a da ita ta ɗauki duk wasan da ya gauraya sa'a da gwaninta a matsayin na sa'a, kuma ɗaukaka ƙarar da ya yi ba ta yi nasara ba. Wannan gauraye kuwa shi ne ran wasan. A dara ko a tseren gudu, wanda bai iya ba ba zai taɓa cin gwani ba, shi ya sa ba ya daɗewa yana gwadawa. A foka yana iya ci yau, kuma wannan yiwuwar ce ke jawo shi. A 2003 wani akawu daga jihar Tennessee ta Amurka mai suna Chris Moneymaker, wanda ba sana'arsa ba ce, ya sami gurbi ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya shiga babbar gasar Las Vegas cikin mutum 839, ya cinye dala miliyan 2.5. Shekara uku bayan haka, a 2006, mutum 8,773 ne suka shiga wannan gasa. Babu wanda ya ci moriyar wannan cunkoso kamar gwanayen da suka yi ta gunaguni a kan nasararsa.

A teburinmu mutum ɗaya ce ta fahimci wannan ba tare da ta karanta Bernoulli ba. Tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce, mai farin gashi, ba ta shan komai sai ruwan lemo. Idan 'yan kullum zalla ne a tebur, ba wanda ya kai ta burga. Da zarar ta ga baƙuwar fuska, sai ta zama wata mutum daban. Ta daina burga ɗungurum, domin ba a yi wa kurma kurari. Ta rage shiga zagaye da kati na tsaka-tsaki. Idan kuwa ta sami mai ƙarfi, ba ta ɓoye-ɓoye ko ɗana tarko, sai ta zuba da yawa, ta san za a amsa mata. In an kayar da ita da kati na biyar, takan buga tebur da yatsa biyu ta ce, "Ka yi kyau, ɗana," ta gyara zama. Na taɓa tambayarta a bakin kicin ko abin ba ya ƙona mata rai. Ta ce, "Yana yi mana. Amma in yaron nan bai taɓa ci ba, da wa zan yi wasa baɗi?" Sau biyu ta zo ta ɗaya a jerin shekara a lokacin da nake riƙe da littafin.

Daga gare ta na gane amsar tambayar da ta dame ni. Sabon shiga ba ya ƙara sa'a a cikin kwali ko ya rage ta, kati 52 ne kafin ya zo da bayan ya tafi. Abin da yake yi shi ne ya faɗaɗa hawa da saukar sakamako, ya kuma sauya irin gwanintar da ke da amfani. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wanda iyawarsa ta tsaya a kan yaren 'yan kullum, to mutum bakwai ya haddace, bai gama sanin wasan ba. Baƙo na zuwa sai ya zama kamar mai waƙa a gaban wanda ba ya jin harshensa, ya kuma kira wannan rashin adalci. Dattijon direba yana da lissafi da haƙurin jira, amma tsohuwar tana da abu na uku, wato sanin wanda ke gabanta da karɓarsa yadda yake.

Maganar ba ta tsaya a kan maki ba. Da na fara riƙe littafin, tebur huɗu ake shimfiɗawa. Bayan wasu darare irin na budurwar nan, labari ya bazu a unguwa cewa wasan Talata na masu ɗaure fuska ne, kafin ƙarshen hunturu aka koma tebur biyu. Maigida ɗan kasuwa ne, kawuna yake ƙirgawa, ya fara maganar mayar da daren na gasar tambayoyi. Wanda ya fi kowa shiga damuwa shi ne dattijon. A lokacin na san cewa daga Talata zuwa Talata, ban da mai kanti, da wuya ya yi magana da kowa. Wasan da yake karewa daga baƙi shi ne kaɗai majalisarsa, kuma kariyar tasa ce ke neman rushe ta. Tsohuwar ce ta nemi alfarmar wata uku a wurin maigida, ta kuma kafa al'ada: duk baƙon da ya zo, kusa da ita za a zaunar da shi, a ba shi 'yar takarda mai jerin darajar kati, kuma ba mai sharhi a kan yadda wani ya buga sai in shi ya tambaya. Kafin na kammala karatu an koma tebur uku. Dattijon bai zama mai fara'a ba, amma ya koyi haɗiye magana, har na ga ranar da ya nuna wa wani ɗalibi yadda ake leƙa kati ba tare da na gefe ya gani ba.

Yanzu ina gida, da takardar digiri a jaka, ina cikin sahun masu neman aiki, wato ni ne sabon shiga a kowane teburin da na dosa. Na ga waɗanda suka shirya sosai suka faɗi, na ga waɗanda suka shiga da tara da huɗu suka ci, kuma na ji ana yi wa kowannensu hukunci da sakamakon yini ɗaya. Littafin mai baƙin bango ya hana ni saurin yanke wa mutum hukunci da shafi ɗaya, ko da kuwa shafina ne. Ya kuma bar mini ma'aunin da nake auna duk wanda ake kira gwani, a ofis ne ko a kasuwa ko a gindin bishiyar dara. Nakan jira ranar da wanda bai kai shi ba ya kayar da shi, in ji abin da zai fito daga bakinsa. Maganar da ya faɗa a wannan lokaci ita ke yanke ko za a shimfiɗa tebur a mako mai zuwa.